Na kai Baffa ganin ƙarafan bakin tekun Jidda

Shekarata goma sha tara a Jidda ina aikin walda a wata warsha, wato shagon aikin ƙarfe. Ƙofofi muke ƙerawa, da tagogi, da hannun matakalar bene. A tsawon wannan zama Allah kaɗai ya san sau nawa na bi titin Kornish, ko za ni kai kaya ko na dawo daga ɗaura ƙofa, ina hango waɗansu manyan ƙarafa a tsaitsaye bakin ruwa ta wajen unguwar Hamra. Ko sau ɗaya ban taɓa taka birki dominsu ba. Sai da Baffana ya zo Umara daga Kano a watan Janairun da ya wuce, sannan na san abin da nake wucewa.

Baffa ƙanen mahaifina ne, kuma shi ya riƙe ni a maƙera bayan rasuwar mahaifin namu. A hannunsa na fara jan zuga-zugi tun ƙafata ba ta gama kai ƙasa daga kan kututture ba. Maƙerin baƙi ne, na garma da fartanya da lauje, amma ya yi zaman shekaru da maƙeran fari, ya san zubin tagulla. Da ya gama ibadarsa ya hawo jirgin ƙasan Haramaini ya sauka wurina, saura kwana biyu jirginsu ya tashi. Kasuwa ba ta dame shi ba. Ya ce mini, "Ɗana, tsarabar mata ta ishe ni haka. Kai ni inda zan ga aikin mutanen ƙasar nan." 'Yata ta fari, wadda a nan aka haife ta take kuma karatun sakandare, ita ce ta ce, "Abba, mu kai Kaka wajen mujassamat mana." Da wannan sunan mutanen Jidda suke kiran waɗannan sassaƙe-sassaƙe.

Wurin yana kan Kornish ta tsakiya, daf da masallacin Hasan Anani, Bahar Maliya na gefenka. Gidan tarihi ake ce masa, amma babu rufi, babu ƙofar da za a tsayar da kai, ba a karɓar ko riyal ɗaya. Fili ne shimfiɗaɗɗe da hanyoyin tafiya a ƙasa, an dasa ayyuka wajen ashirin a cikinsa, kowanne an ba shi tazara yadda za ka zagaya shi ka gan shi ta kowace fuska. Ba shi da girman da zai gajiyar da dattijo. Mai sauri zai ratsa shi a minti ashirin ya ce bai ga komai ba. Mu mun shiga bayan La'asar, ba mu fito ba sai da aka kira Magariba.

Muna sauka daga mota Baffa ya ja ya tsaya, ya dafa sandarsa. Ya ce, "Kai, ba dai gumaka ka kawo ni gani ba? A nan, ƙofar Makka?" Na san duk Bahaushen da zai karanta wannan rubutu, tambayar da za ta fara zo masa ke nan, don haka ba zan tsallake ta ba. Ni ba malami ba ne, kuma wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tambayi malaminsa kafin ya je. Abin da idona ya gani shi zan faɗa. Mafi yawan ayyukan ba surar mutum ba ce, ba ta dabba ba ce. Zobe ne, da faranti, da kusurwa, da dunƙule. Babu fuska, babu mai durƙusa musu, yara ma guje-guje suke a tsakaninsu. Amma akwai 'yan kaɗan da masu su suka raɗa musu sunan abu mai rai: akwai wanda aka kira mutum a kishingiɗe, akwai tsuntsu, akwai ido guda ɗaya. Na gaya wa Baffa haka tun a bakin shiga. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To, mu je. Wanda ban yarda da shi ba na kau da kai." Haka kuwa ya yi, biyu ya wuce su bai ɗaga ido ba, ni ma ban matsa masa ba.

Yadda aka yi waɗannan kaya suka zo Jidda labari ne na mutum ɗaya mai naci. Muhammad Sa'id Farisi, wanda ya karanta zanen gine-gine a Iskandariyya ta Masar, shi ya shugabanci baladiyyar Jidda, wato hukumar birnin, daga 1972 zuwa 1986, lokacin da kuɗin mai suka shigo garin yake faɗaɗa kamar wutar daji. Ya ƙudurta cewa ba kwalta da siminti kaɗai za a bar wa mutane ba. Ya shiga sayo ayyuka daga manyan masu sassaƙa na duniya, ya kuma sa na gida da na ƙasashen Larabawa su yi nasu, har aka tara sama da 400 a tituna da shataletale da bakin teku. Attajiran garin da kamfanoni sun sa hannu a kuɗin da yawa daga ciki. Ya kuma san a wace ƙasa yake, shi ya sa akasarin abin da ya zaɓa ya kauce wa surar mai rai, ya karkata ga siffofi da rubutun Larabci da kayan amfanin yau da kullum. Ya rasu a 2019, Allah ya jiƙansa. Waɗanda ke wannan fili zaɓaɓɓu ne daga cikin waɗancan ɗaruruwa, aka kwaso su daga inda suke warwatse aka gyara aka tara wuri ɗaya.

Inda muka fi daɗewa shi ne gaban wani aikin Henry Moore, mutumin Ingila, ɗan mai haƙar kwal, wanda ya rayu daga 1898 zuwa 1986. Wani ƙaton zobe ne na tagulla, mai siffar ƙwai, ya ninka tsayin mutum kusan sau biyu. Tsakiyarsa a huje take, sai tsini biyu suka taso daga dama da hagu suka nufi juna, suka zo daf da haɗuwa suka tsaya. Ɗan abin da ya rage tsakaninsu bai kai a ce komai ba, amma a nan idonka zai maƙale. Idan ka tsaya ta gabas ka leƙa, teku za ka gani ta cikin hujin, tsinin nan biyu sun raba shi sama da ƙasa. Ka matsa taku uku, sai siffar ta sauya gaba ɗaya, gefe ɗaya ya kumbura, ɗayan ya shige.

Baffa bai kalli teku ba. Sandarsa ya miƙa mini, ya matsa kusa, ya lanƙwasa ɗan yatsa ya ƙwanƙwasa jikin abin sau ɗaya a hankali, ya kara kunne. Ya ce, "Fanko ne ciki. Na san za a rina. Da cike yake da ba mai ɗaga shi." 'Yata ta ce, "Kaka, ba a taɓawa fa." Ya janye hannu nan take ya ce, "Gaskiyarki, amarya. Gumin hannu ma gishiri ne." Daga nan sai ya koma neman abin da duk maƙeri zai nema, wato inda aka haɗa. Abu mai wannan girma ba a zuba shi a tashi ɗaya. Gunduwa-gunduwa ake zubawa, a jona da wuta, a gurje bakin haɗin, a daddake shi har ya saje da sauran jiki, sannan a sa magani ya ba da launi ɗaya. Ni da nake walda kullum na san wuyar ɓoye layin haɗi, ko a kan ƙofar da za a shafe da fenti. Mun zagaya zoben nan sau uku, shi yana duƙawa ni ina ɗaga kai. A wuri ɗaya kawai, da rana ta karkato ta doki gefen, muka ga wani ɗan bambancin launi siriri kamar zare. Baffa ya nuna da baki ya ce, "Ga shi nan. Amma wanda ya yi wannan haɗin, a gaishe shi."

Wannan magana ta tsaya mini a rai, domin sunan da ke rubuce a ɗan allon gaban aikin na mutum ɗaya ne. Shi Moore ƙaramin samfuri yake fara yi, wanda zai zauna a tafin hannu, mataimakansa su faɗaɗa shi, sannan a kai gidan zubi inda ma'aikata za su narka jan ƙarfe da kuza su zuba. Hannu nawa ne ya bi ta kan wannan zobe kafin ya iso Jidda? Masu haɗa ƙasar zubi, masu tsayuwa a bakin wuta, masu gurza, masu ɗaure shi a jirgin ruwa. Irinmu ne. Da na tsaya a gabansa ban ji ni baƙo ba ne a wurin, ko kaɗan.

Akwai wani aikin nasa kuma da sunansa yake nufin babban mazari. Da 'yata ta fassara mana, Baffa ya yi murmushi ya ce ya tuna kakarmu tana kaɗi a tsakar gida da alli a yatsa. Dunƙulen tagulla ne mai murɗaɗɗen jiki, tsini ya fita ta nan ya fita ta can, kamar ana cikin juya shi aka ce tsaya. Bai kama ni kamar zoben ba, amma wannan shi ne wanda yarinyar ta fi ɗauka a waya. Na ukun, wanda aka yi shi gida uku aka kira shi mutum a kishingiɗe, yana cikin waɗanda Baffa ya wuce. Ni na dube shi. In ba an gaya maka sunan ba, duwatsu uku za ka ce, irin waɗanda ake gani a hanyar Dutse.

Daga tagulla sai muka zo kan sana'ata. Aikin Alexander Calder, Ba'amurke, wanda injiniya ne kafin ya koma wannan harka, kuma aikin nasa ya nuna haka. Farantan baƙin ƙarfe ne aka yanka aka tayar da su suna jingine da juna, aka shafe da jan fenti. Babu abin da aka ɓoye. Ga kaurin farantin kana gani, ga inda aka ɗaure, ga inda aka ƙara ƙarfe don kada ya lanƙwashe. Kayan da ke warsharmu ne tsaf, babu wani abu a jikinsa da ba na taɓawa kullum. Amma ni in aka ba ni faranti, tunanina murabba'i ne: faɗi kaza, tsawo kaza, a sa makulli. Shi kuwa ya yanka shi yadda abu mai nauyin gaske yake tsaye a kan 'yan tsirarun ƙafafu kamar yanzu zai ɗaga. Na daɗe ina lissafin inda nauyin yake sauka. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma idona ya gaya mini cewa in aka gusar da ƙafa ɗaya da taki guda, iskar teku za ta kwantar da shi. Washegari a wurin aiki na tsinci kaina ina jujjuya wani guntun faranti da muka yar, ina kallonsa ta gefe.

Idon da na ambata na César ne, mutumin Marsel ta Faransa. Wannan ma namu ne ta wani ɓangare, don da walda ya fara, yana tsinto ƙarafan bola yana haɗawa saboda ba shi da kuɗin sayen tagulla ko dutse mai tsada, daga baya ya yi suna da matse tsofaffin motoci su koma dunƙule. Shi ya tsara kambun da ake bayarwa a bikin finafinan Faransa, wanda ake kira da sunansa. Idon nasa na tagulla ne, ƙato, shi kaɗai ba fuska. Shi ne na biyun da Baffa ya kau da kai daga gare shi, kuma na fahimce shi, don ni ma ban ji daɗin tsayuwa a gabansa ba. Aikin yana da kyau, zubin ya fita tas, amma abu ne da yake kallonka.

Sauran na Turawan zan bi ta kansu da sauri. Na Arnaldo Pomodoro, ɗan Italiya, tagulla ce da aka goge har tana ɗaukar ido, sai aka tsaga ta, ciki ya bayyana cike da haƙora da layuka kamar ka buɗe giyar mota. Duk makanike zai so shi. Na Victor Vasarely wasa ne da ido: siffofi da launuka da suke sa abu shimfiɗaɗɗe ya zama kamar akwati, ka matsa ya juye. Yara sun fi kowa gane shi. Tsuntsun Joan Miró na Sifen kuwa, na san sunan mai shi babba ne a duniya, kuma na tsaya na ba shi haƙƙinsa na kallo, amma bai ce mini komai ba. Ba zan yi ƙaryar ya burge ni don sunan mai shi ba.

Abin da ban zata ba shi ne ayyukan Larabawa su ne za su sa Baffa magana mai tsawo. Akwai na Arif Rayyis, ɗan Labanan wanda ya yi zama a Jidda a shekarun 1980, kuma tun yana saurayi ya zauna a Afirka ta Yamma, a Senegal. Siffofinsa tsaye suke, miƙaƙƙu, suna ɗauko tsayuwar alif da lam irin na rubutun allo. Baffa ya ce wannan ko a zanen zayyana aka sa shi zai zauna. Sai kuma Maha Malluh, 'yar ƙasar nan, haifaffiyar Jidda, wadda aka san ta da tattaro tsofaffin tukwane da kwanuka daga kasuwar gwanjo ta mai da su aiki. Tsohon kwanon da ya ci wuta ya ci hannu, ya lotsa a gefe, ita a wurinta tarihin gida ne: wa ya dafa, wa ya ci, baƙi nawa aka tara. Baffa ya ce, "Wannan ai jere ne. Ɗakin kowace amarya a garinmu haka yake a da, kwalla a kan kwalla, fanteka a kan fanteka har rufi. Mu da muka tashi sai muka sayar wa 'yan gwangwan a kan kilo." Ya faɗi haka ba da wasa ba. Ya ce kwanukan jeren mahaifiyarsa ko ɗaya bai rage a gidan ba, kuma shi da hannunsa ya taya aka fitar da su. Mun ɗan yi shiru a wurin, mu uku.

Yanzu bari in faɗi abin da ya sa nake ganin wannan wuri ya cancanci yabo fiye da yadda mai wucewa zai zata. Duk wanda ya yi aikin ƙarfe a Jidda ya san iskar garin nan maƙiyiyar ƙarfe ce. Laima ce mai ɗauke da gishiri, ga rana, ga yashi mai gurzar fenti. Ƙofar da na ɗaura a unguwar da ke kusa da ruwa, in mai gida ya yi sakaci da fenti, shekara biyu ta isa tsatsa ta fara cin ƙasanta. Tagulla ba ta tsatsa irin ta baƙin ƙarfe, amma gishiri yana sa mata wani kore-kore mai gari, yana huda ta sannu a hankali. Waɗannan ayyuka sun yi shekara talatin da wani abu a waje suna shan wannan. Bayan 2010 ne gidauniyar iyalan Abdullaɗif Jamil, wadda yanzu ɓangarenta na fasaha ake kira Art Jameel, ta haɗa hannu da baladiyyar Jidda aka ɗauko ƙwararru daga Ingila, aka kwance ayyukan aka kai su wurin gyara, aka wanke, aka cire dattin shekaru da rubuce-rubucen da aka yi musu, aka sake fenti ga masu fenti, aka shafe na tagulla da kaki. Kakin nan shi ne rigar tagulla, kuma ba a yi sau ɗaya a huta, sai ana sabuntawa. Na duba ƙasan aikin Calder, inda ruwa kan kwanta, don a nan ake kama mai ha'inci a sana'armu. Na same shi lafiya.

Abin da ya ɓata mini rai mu ne, masu zuwa kallo. Na ga wani magidanci ya ɗora yaransa biyu a kan ɗaya daga cikin ayyukan tagulla da takalmansu, yana ɗaukar su hoto. Takalmi da yashi a ƙasansa, a kan kaki, daidai yake da takardar gurza. Na matsa na yi masa sallama na gaya masa da lalama, ya sauke su, amma fuskarsa ta nuna bai ga dalili ba. A gindin wani kuma ɓawon 'ya'yan kabewa ne da kofunan shayi aka bari, alhali ga kwandon shara taku kaɗan. A jikin wani na ga inda aka karce da abu mai kaifi, mai yiwuwa makulli. Wanda ya yi bai ɗauki minti ɗaya ba. Ni na san kwana nawa mai gyara zai yi kafin ya ɓatar da wannan layin, in ma ya ɓace. Don Allah in kun je da yara, ku riƙe hannunsu, ku gaya musu wannan gumin wani ne.

Sai maganar lokaci, wadda ita ce za ta gyara maka ziyarar ko ta ɓata. Fili ne a buɗe, inuwa kaɗan ce. Wanda ya je da azahar a watan Yuli ya zalunci kansa, ƙarfen ma ba ya kusantuwa don zafi, ga laimar da ke jiƙa riga kafin ka yi taku hamsin. Daga Disamba zuwa Fabrairu ne garin yake sakin jiki. Ka isa kamar awa ɗaya da rabi kafin faɗuwar rana. A lokacin hasken yana zuwa a karkace daga teku, kowane lotsawa da kowane tudu na jikin tagulla yana fitowa, abin da hasken tsakar rana yake shafewa. Daren Alhamis da na Juma'a Kornish cike take da iyalai, samun wurin ajiye mota sai an sha zagaye, don haka mai son natsuwa ya zaɓi tsakiyar mako. Ka riƙo ruwan sha. In da dattijo a tare da kai, ka riƙo masa 'yar darduma ko kujerar naɗewa. Bayanin da ke kan allunan gajere ne, da Larabci da Turanci, to in ba ka jin ɗaya daga ciki ka tafi da mai karanta maka. Da ba don 'yata ba, da mazarin nan ya wuce mu ba mu san mazari ba ne.

Da aka kira Magariba muka taka zuwa masallacin Anani muka yi salla. Muna fitowa duhu ya fara, an kunna fitilu, ga kuma maɓuɓɓugar Sarki Fahad ta tashi a cikin teku. Tun 1985 take aiki, tana harba ruwan teku sama da mita 260, in iska ta kwanta har ta haura 300, babu irinta a tsawo a duniya. An yi gindinta da siffar kaskon turaren wuta. Baffa ya kalle ta ya yi tasbihi, sannan tambayar da ya yi ita ce wane irin ƙarfe aka sa a bututun da gishiri bai cinye shi ba shekara arba'in. Muka sayi balila, wani irin dafaffen wake na Larabawa, mai zafi a kofi wurin wani mai kura, da tsami da yaji, muka zauna a bakin ruwa. Ya ce ba ta kai dafaffen wake da mai ba, amma ya shanye romon.

A hanyar komawa gida na bi da shi ta wasu shataletalen don ya ga cewa abin bai tsaya a fili ɗaya ba. Mutanen Jidda da waɗannan ayyuka suke kwatance: a ce maka mu haɗu a duwwar kaza, wato shataletale kaza, ka wuce keke ka yi dama. Keken nan, mai tsayin kusan mita 15, aikin Julio Lafuente ne, ɗan Sifen mai zanen gine-gine wanda ya yi wa garin ayyuka da dama. Shi ne kuma ya ɗauki ragowar ƙarafan Kindasa, tsohon injin tace ruwan teku da Jidda ta sha daga gare shi tun farkon ƙarni na 20, ya tayar da su suka zama abin kallo maimakon a narkar. Wannan ya yi wa Baffa daɗi ƙwarai. Ya ce injin da ya shayar da gari, har da alhazan da suka sauka ta jirgin ruwa, bai kamata ya ƙare a kan sikeli ba.

Wa zan ce ya je? Duk mai sana'ar hannu, maƙeri ko kafinta ko magini ko tela ko mai zanen hula, ya je, zai dawo da wani abu a kansa. Alhazai da masu Umara da ke kwana ɗaya ko biyu a Jidda kafin jirgi, waɗanda yawanci daga masauki sai kasuwannin Balad da Bab Sharif sai layin sayen kaza a Albaik, su ware yammaci ɗaya, ba za su kashe komai ba sai kuɗin mota. Mu kuma mazauna, musamman masu yara da aka haifa a nan, mu ne muka fi kowa sakaci, ni ne shaida. Wanda yake neman wurin wasan yara da lilo da kiɗa, ba nan ba ne, ya ƙara gaba a Kornish zai samu. Wanda kuma yake jin zuciyarsa ba za ta natsu da ganin kowace irin sura ba, to ya tsaya wajen masallacin ya kalli teku da maɓuɓɓuga, ba wanda zai ce ya yi asara.

Ranar da za mu raka Baffa filin jirgi, bayan an gama ɗaure jakunkuna, ya kira 'yata ya ce ta tura wa jikansa na Kano hotunan zoben nan ta WhatsApp, amma ba wanda aka ɗauka daga nesa ba. Na kusa yake so, wanda ya nuna ɗan layin haɗin da muka gano. Ya ce akwai yara uku da ke koyon aiki a maƙerarsa yanzu, kullum yana fama da su a kan gurza bakin haɗi suna cewa ai fartanya ce, ƙasa za ta shiga. Ta tura guda huɗu. Ya sa ta buɗe masa ɗaya ta faɗaɗa da yatsu, ya kawo wayar daf da idonsa, ya daɗe yana dubawa, har direba ya yi hon a waje karo na biyu.